Dattin Sisin Gwal ɗin Surukata

Abin da na zuba a cinikin nan ga shi: bandir uku na kwanon rufi, da katakonsu da ƙusoshi da ladan kafinta, firji guda mai ƙofa biyu, wanda ya fi kowane kaya daraja a shagona a lokacin, fankar tsaye, da tunkiya mai ciki. Abin da nake son karɓa kuwa bai kai faɗin murfin kwalbar lemo ba. Sisin gwal ne guda ɗaya, tsoho, ya dafe, yana ƙulle a bakin wani tsumma cikin adudun surukata a Hayin Banki. Da cinikin ya tafi yadda na tsara shi, da ban sake ɗaga firjin kowa ba har in koma ga Allah.

Sana'ata sayen kayan da masu su suka gaji da su, ko kuwa tafiya ta kama su. Na fara da yawo da tsofaffin rediyo a ka, na koma keke, daga baya na kama shago a bakin hanyar Mando. Wurin ya yi mini daidai, don yana kusa da barikin sojojin sama, su kuwa ba sa daɗewa a gari ɗaya. In aka yi wa hafsa canjin wurin aiki, matarsa ba ta son jan tsofaffin kujeru zuwa wata jiha, sai a aiko a kira ni. A shekarun nan kuma naira ta fara zamewa, Turawa da Indiyawan da ke koyarwa ko aikin kamfani suna ta tattara nasu ya nasu. Mai tafiya ba ya ja-in-ja. Shi dai a kwashe masa.

Haka wani Bature injiniya a Unguwar Sarki ya sayar mini da kayan gidansa kaf, ya yi mini gyara da kwali biyu na littattafai. Littafi a wurina kayan awo ne, masu ƙosai da masu tsire ke saye su naɗe wa mutane. Duk suka tafi, ban da guda. Mai ƙosan da ta ɗauke shi ta dawo mini da shi tana faɗa, wai takardarsa santsi gare ta, ba ta shan mai, in ba ta kuɗinta. Na ba ta, na jefa shi kan wani tebur. Ranar da kasuwa ta yi sanyi na buɗe don in ga abin da ya hana shi shan mai, sai na tarar hotunan kuɗi ne tun daga farko har ƙarshe: na azurfa, na tagulla, na zinari, kowanne da labarinsa a ƙarƙashi.

Ban gama firamare ba, Turancina na kasuwa ne. Amma an bar wani ɗan ƙamus a gindin kwalin, kuma mutum in maganar kuɗi ake yi ba ya rasa fahimta. Na dinga bi da yatsa, layi bayan layi, in na ci tuntuɓe in buɗe ƙamus.

Kusa da shagona akwai zauren wani malamin allo, mutumin Zariya. Bayan azahar yakan fito ya zauna a kujerun da na kasa. Ya fi kowa sanin wadda ta fi laushi, kuma bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ni Bakano, shi Bazazzagi, don haka ba ma raga wa juna.

"Sarkin gwanjo, yau kuma boko aka koma? Da gemunka?"

"Allah gafarta malam, kuɗi nake karantawa."

"To ai gara. Wanda bai samu ya ƙirga ba, sai ya karanta."

Labarin da ya kama ni na wani fam ɗin zinari ne, irin wanda matanmu ke ce wa sisin gwal ko da kuwa fam ne. Fuska ɗaya kan sarkin Turawa mai gemu, ɗaya fuskar wani mutum bisa doki yana sukar dodo, shekarar bugu a ƙasa. Littafin ya ce a wata shekara, ana tsakiyar babban yaƙinsu na farko, an buga irinsa a garuruwa da dama na ƙasashen da suke mulki. Kowane gari yana sa ɗan harafinsa ƙarami a ƙasa, ƙarƙashin kofaton dokin, don a san inda aka buga. Waɗannan suna da yawa, kuɗinsu nauyinsu ne kawai. Babban birninsu ne kaɗai ba ya sa harafi. To waɗanda aka buga a babban birnin a wannan shekarar ba su ma shiga hannun jama'a ba. Yaƙi ya ci dukiya, bashi ya hau kan gwamnati, aka loda su a jirgin ruwa aka kai wa masu bin bashi a ƙetaren teku, su kuma suka narkar. 'Yan kaɗan ne suka zille, ba wanda ya san ta yaya. Littafin ya ƙara da cewa irin waɗannan fam ɗin sun yi yawo sosai a ƙasar Larabawa, don mutanen can ba su yarda da kuɗin takarda ba.

Na karanta wurin ya fi a ƙirga. Abin ya ba ni tausayi ma: an buga ka sabo fil, ba ka sayi ko goro ba, an mayar da kai wuta saboda bashin da ba kai ka ci ba. Amma da na kai kan abin da masu tara irin waɗannan abubuwa ke biya a kan guda ɗaya da ya tsira, tausayin ya wuce. Na juya shi zuwa naira a bayan kwalin ashana, wuri ya ƙare. Zai sayi layin shagunanmu duka, har da zauren malam in ya yarda.

Akwai kuma wani babi da ya juya mini tunani. Ni a sana'ata, kaya sai an wanke. Firji in ya zo, soso da sabulu, a shafa fenti inda ya yi tsatsa, fanka a goge ta har ta yi ido. Su waɗannan mutanen kuwa sun ce kada a kuskura. Kada a wanke, kada a goge, kada a huda, kada a liƙa masa komai. Dattin da shekaru suka ɗora masa shi ne shaidarsa, wanda ya goge ya goge kuɗinsa. Na gaya wa malam wannan da labarin fam ɗin, ya kama baki.

"Wato akwai ƙasar da ake sayen datti? Ka tura musu adireshin shagonka mana."

Ana nan damina ta ƙarato. Matata ita ce autar gidansu, don haka babu kunya tsakaninta da mahaifiyarta, kullum tana hanyar Hayin Banki. Wata rana ta dawo take ce mini ɗakin Inna ya zama rariya, bara da kwanoni da bokitai aka ƙare damina, bana kam ba zai kai ba. Ta ce Inna na tunanin rabuwa da sisin gwal ɗinta.

Na san da labarinsa, ban dai taɓa ganinsa ba. Marigayi surukina ya je Makka ta ƙasa tun yana saurayi, ya bi ta Sudan, yana tafiya yana ƙwadago, ya yi shekaru a can kafin ya dawo. Guda uku ya zo da su ɗinke a ɗamararsa. Ɗaya ya tafi a aurar da 'ya'ya, ɗaya a jinyarsa ta ƙarshe, saura ɗaya.

"Ta ce ka duba mata, kai ka san kan kaya," in ji matata. "Amma a mayar mata kafin la'asar, ba ya kwana a waje."

Ashe ta zo da shi, ta kwance tsumman a kan tabarma. Kan sarki mai gemu. Na juya, ga doki ga dodo. Na dubi shekarar, na sake duba, ita ce ta cikin littafin. Na ce mata ina zuwa, na fita wurin mai gyaran agogo na aro gilashin da yake maƙalawa a ido. Na tsaya a tsakar gida inda rana ke faɗowa, na leƙa ƙarƙashin kofaton. Akwai datti a lungunan, akwai 'yan ƙananan tudu da kwari na ƙasar da aka zana, amma harafi babu. Na karkata shi dama, na karkata hagu. Babu.

Fuskar ɗan gwanjo ba ta motsi a gaban kayan da yake so. Na miƙa mata na ce, "To, ba laifi."

Washegari na shiga mota zuwa Kano, wurin wani tsohon Kwara ɗan Labanan da ke cinikin gwal, wanda na ji an ce yana tara tsofaffin kuɗi yana aikawa waje. Na kwatanta masa abin ba tare da na ce ga inda yake ba. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce na jabu sun fi na gaske yawa, maƙeran Jidda ma suna buga nasu, amma in kawo ya gani. Ya bi ni har ƙofa yana cewa, "Kada ka taɓa shi. Ko da bakin riga kada ka share shi."

A hanyar dawowa na yi lissafina. In na fito na faɗi gaskiyar abin, kafin magariba Hayin Banki ta ji. Yayyen matata maza, waɗanda ba wanda ya taɓa hawa rufin ɗakin tsohuwar ya toshe ko huda ɗaya, za su taso da maganar gado, a yi ta ja, ƙarshe wani ya kai shi wurin mai sikeli na farko da ya gani. Gara in saya da daraja, fiye da yadda kasuwa za ta biya, in ya tabbata na gaske ne in gina mata gida in biya mata kujerar Makka. Niyyata ke nan, kuma har yau ina ganin da na cika ta, ko da yake ba a jarraba ni ba.

Na kai wa malam maganar a dunƙule. Ya gyara zama a kujerata mai laushi.

"In ka biya ta abin da kasuwa ba za ta biya ba, ban ga zalunci a fili ba. Na ɓoye kuwa, kai da Mai sama. Amma Bakano, ciniki da suruka? Wadda ba ka iya kallon idonta, ta yaya za ka taya kayanta?"

Nan ne gizo ke saƙar. Ni da Inna ba mu taɓa yin magana ta wuce gaisuwa ba. In na je, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in tsuguna a bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Ba ta kiran sunana, ba na cin abinci a gidanta, in muka hango juna a hanya ɗaya ya canza lungu. Duk makaman da na sani na ciniki, kallon ido, da tashi kamar za a tafi, da dariyar raini, ba ɗaya da zai yi aiki ta bayan labule. Dole sai ta bakin matata. Ita kuma ban gaya mata komai ba, don a ganina abin da auta ta sani, uwarta ta sani.

Makami ɗaya ya rage mini, wanda duk ɗan kasuwa ya sha da nono: kayan da kake so, kushe shi.

"Ki gaya wa Inna," na ce, "abin nan ya tsufa. Ya dafe, ba ya ƙyalli, duk datti ya cike shi. In ta kai kasuwa masu gwal za su yi ta rage mata. Gara ni in karɓa, kada a cuce ta."

Matata ta dube ni ta gefen ido. "Kai da kake sayar da firji, me za ka yi da gwal mai datti?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Ba zan ce sayarwa zan yi ba, don namiji ya ci riba a kan surukarsa abin kunya ne da zai bi shi har jikoki. Sai bakina ya riga ni.

"Ke zan ba. Kayan mahaifinki ne, bai kamata ya fita gida ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun da muka yi aure ban taɓa faɗin magana mai daɗin wannan ba. Ranar har da man shanu a miya.

Amsar Inna ta zo washegari. Ta ce Allah ya kiyaye ta karɓi kuɗi a hannun mijin 'yarta, sai ka ce a kasuwa. In dai don yarinyar ne, a bar maganar saye. Ita dai damuwarta rufin nan.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na sayi kwano, na kai kafinta. Da ya hau ya ce katakon duk gara ta cinye, na sayi katako. Na ɗauka an gama. Ashe ban san da wa nake ciniki ba. Na yi shekaru ina gogayya da matan hafsoshi da Indiyawa masu ƙirga cokula, ban taɓa haɗuwa da mai iya ciniki kamar tsohuwar nan ba, domin ita ba ta taɓa cewa a ba ta komai ba. Sai dai matata ta dawo ta ce, "Inna ta ce an gode, ɗaki ya yi kyau. Sabon kwano dai akwai zafi, jiya a tsakar gida ta yi ƙailula." Fanka ta tafi. Bayan 'yan kwanaki: "Inna ta ce maƙwabciyarta na sayar da ƙanƙara da zoɓo, har ta yi wa jikarta kayan ɗaki. Ta ce ita dai Allah bai ba ta abin sanyi ba." Na aika da ƙaramin firji. Aka dawo da shi da godiya mai yawa, wai ya yi kyau ƙwarai, kada a raba ni da shi, bokiti ne dai ba ya shiga. Mai ƙofa biyun ya tafi. Tunkiyar kuwa ni na kai da kaina ba wanda ya ambata, don na ga sisin bai fito ba, na ce ko akwai sauran abin da ban gane ba.

Duk lokacin da na tambaya, sai matata ta ce Inna ta ce a ɗan ƙara haƙuri, yana nan zuwa. Na ɗauka wuyar rabuwa ce da kayan miji. Har na ji ta ƙara girma a idona. Malam yana ganin shagona yana ramewa, ya ce, "Yau ina mai ƙofa biyun? Ko shi ma an loda shi a jirgin ruwa an kai wa masu bin bashi?"

Ranar wata Juma'a bayan an sauko aka ce Inna na kira. Na sa babbar riga, muka tafi da matata. Na tuɓe takalmi, na tsuguna a inda na saba. Sabon kwano na ƙyalli a sama, firjina na gurnani a cikin ɗaki. Muka gaisa, ta tambayi kasuwa, na ce alhamdu lillahi. Sai ta turo wani ɗan faranti ta ƙarƙashin labule, an rufe shi da sabon hankici, da goro biyu a gefe.

Matata ta ɗaga hankicin.

Wallahi sai da na runtse ido. Abin yana walƙiya kamar yanzu aka fiddo shi daga wuta. An yi masa ɗan kunne a sama, an liƙe da kyau, an zura masa siririyar sarƙa.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye ba, da 'yarta take yi, ni ina ji.

"Ki ce masa ya yi haƙuri da jinkirin. Tun ranar da kika ce ya ce abin ya yi datti ban yi barcin kirki ba. Yaron nan ya rufa mini asiri, ya rufa mini ɗaki, in ɗauki abu baƙi ƙirin in ba shi? Ina! Na kai wa maƙerin zinarin da ke bayan kasuwa. Da ya wanke na farko na ce bai yi ba, akwai saura a ƙarƙashin dokin nan, ya sake. Sai da na mayar masa sau uku, na ce ya sa injin gogewa. Tun da kuma ke zai ba, na ce a yi masa kunne, ina amfanin gwal ɗin da ba a ratayawa? Sarƙar da kuɗin ƙanƙarata na saya, kada ya ce komai shi ya yi."

Ana cewa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Tawa dai a maƙerar ta tashi, inda kowa ke zato, ni kaɗai ne ban duba can ba.

Matata ta rataya shi nan take, tana juya wuya. "Maigida, ba ka ce komai ba."

Me zan ce? A gaban suruka ko tari mutum yana tauna shi kafin ya yi. Na sunkuyar da kai, na ce, "An gode, Inna. Allah ya saka da alheri. Ya yi kyau ƙwarai." Muryata ta ɗan karye, sai na ji tsohuwar ta ce a hankali, "Allah sarki, ji yadda abin ya taɓa shi." Ta shiga sa mini albarka, tun daga kaina har zuriyar da ba a haifa ba, ni kuwa ina tsugune ina amin, ina kallon inuwar kuɗin layin shaguna tana lilo a wuyan matata.

Duk da haka ban fid da rai ba. Sai da na jira aka gama wani biki da ta ci ado da shi, sannan na nemi aro, aron abin da na biya da rabin shagona. Ta ce in dawo mata da shi kafin Asabar, akwai suna.

Na koma Kano, Kwaran ya karɓa ya ɗora a tafin hannu. Bai ma ɗauko gilashi ba da farko, kallon kunnen kawai ya yi, ya dube ni kamar wanda ya kawo masa gawa.

"Ba na ce kada ka taɓa ba?"

"Ba ni ba ne. Surukata ce."

Ya gyaɗa kai, da alama su ma suna da surukai a ƙasarsu. Ya sa gilashi ya daɗe yana duban ƙarƙashin kofaton, sannan ya miƙo mini in gani. 'Yan tudun nan da kwarin da na gani a tsakar gidana duk sun tafi. Wurin ya yi sumul kamar bayan cokali.

Ya ce, "Duk wanda ke son ya cuce ni, nan yake gogewa, ya share harafin ya ce na babban birni ne. Ban ce kai ka yi haka ba. Amma yanzu ko wanda ya buga shi ya tashi daga kabari ba zai iya rantsuwa ba. Wataƙila shi ne. Wataƙila na wani gari ne. Gwal ɗin dai mai kyau ne." Ya jefa shi a sikeli, ya faɗi kuɗin nauyinsa, ya ce ma ya ɗan rage saboda gugar. Abin da ya faɗa ko firjin bai biya ba.

Na ce, "Amma na duba da idona kafin a goge, babu harafi."

Ya ce, "Na yarda. Sai dai idonka ba ya shiga ambulan zuwa Turai."

Da na dawo gida na zaunar da matata na gaya mata komai, har littafin na buɗe mata. Na zaci za ta yi fushi a kan maganar kyautar da ba daga zuci ta fito ba. Ta dubi hoton, ta dubi abin wuyanta a hannuna, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wato dattin kake so, ka aika a ce mata dattin ne aibinsa?"

"Haka ake ciniki."

"Da Inna? Matar da ke wanke tsintsiya? Da ka gaya mini gaskiya ai da ba a yi haka ba."

"Da na gaya miki, da ta ji."

"Da ta ji, da ba ta wanke ba."

Ta miƙo hannu na ba ta abinta, ta mayar wuya, ta ce magana dai an yi ta gaban Allah, kyauta ta tabbata. Kuma abin da na ce auta ba za ta iya riƙewa ba, ta riƙe shi gam. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa jin labarin littafin nan ba.

Malam kam na gaya masa da kaina, don na san ko ban faɗa ba zai tono. Ya yi salati, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Ka ga aikin Allah. Ka yi niyyar ciniki, aka rubuta maka sadaka. Kanawa da yawa sai ta haka za su shiga Aljanna, da kuskure."

Ga yadda lissafin ya tsaya. Kwano da katako da ladan kafinta sun tafi. Firji mai ƙofa biyu ya tafi, ya yi ta yi wa Inna ƙanƙara har ta sayi na biyu, kuma ba a wurina ta saya ba, wai tana jin kunya. Fanka ta tafi. Tunkiya ta haifi tagwaye, aka aiko mini da ƙafa ɗaya ranar Sallah. Layin shaguna kuwa ban san ko na yi asararsa ba, don ba a asarar abin da ba a tabbatar an taɓa riƙewa ba, ko da yake wani lokaci in na ga matata ta sunkuya tana wanke-wanke abin yana lilo, nakan kau da kai.

A ɗaya gefen: tsohuwa ta yi sauran damununta a busasshen ɗaki. Ta bi Hayin Banki gida-gida tana cewa ba a taɓa suruki irin nata ba, har mata suka dinga aiko mini da kayan da za su sayar, wai ni ba na cuta, kuma a nan na mayar da kuɗin firjin a hankali. Matata ta sami abin wuya da kuma labarin da take tsare ni da shi duk ranar da na cika baki a kan iya ciniki. Littafin yana nan, yana tokare da ƙafar teburin shago, aikin da ya fi dacewa da takardar da ba ta shan mai.

In an bi ta sikelin Kwara, na faɗi. In an bi ta na malam, na ci riba ba da niyya ba. Ni a nawa, na sayi gwal a kan ninkin kuɗinsa, aka ba ni gyaran albarka, aka cire mini datti kyauta. Dattin ne kawai na biya ban karɓa ba.